Fatalwa a Ƙagaggun Labaran Kirista na Amurka: Asalin Salon da Iyakarsa

A kasuwar littattafan Kirista ta Amurka akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ke haɗa abu uku: zamanin da ya shuɗe, tsohon gida da ake raɗe-raɗin fatalwa na yawo a cikinsa, da kuma asirin da wani dangi ya binne. Ƙa'idar salon, wadda ba kasafai ake karya ta ba, ita ce a ƙarshe fatalwar ba fatalwa ba ce. Mutum ne mai rai, ko kuma laifin da aka ƙi faɗa.

Dalilin wannan ƙa'ida na aƙida ne. Mafi yawan masu sayen littattafan mabiya ɗariƙun bishara ne na Furotesta, waɗanda suka yi imani cewa mamaci ba ya dawowa ya zaga cikin masu rai. Sura ta 18 ta Kubawar Shari'a ta haramta tuntuɓar matattu, kuma labarin Sarki Saul da bokanyar Endor a 1 Sama'ila sura ta 28 ana karanta shi ne a matsayin gargaɗi. Dole ne marubuci ya tsorata mai karatu ba tare da ya saɓa wa imaninsa ba.

Dabarar yin hakan ta girmi kasuwar. Horace Walpole ya buɗe ƙofar labaran tsofaffin gidaje masu ban tsoro a Ingila da The Castle of Otranto a 1764, inda abubuwan al'ajabi suke faruwa da gaske. Ann Radcliffe ce ta sauya hanya: a The Mysteries of Udolpho na 1794, abin da ya sumar da jarumar a bayan baƙin labule ashe mutum-mutumin kakin zuma ne. A Jane Eyre na Charlotte Brontë, 1847, dariyar da ake ji da dare ta matar maigidan ce, 'yar Jamaika, wadda ya kulle a saman bene ya ɓoye wa duniya.

Kamfanin Bethany House na jihar Minnesota, wanda ya yi suna da Love Comes Softly na Janette Oke a 1979, yana cikin manyan masu buga irin waɗannan littattafai a yau. Julie Klassen ta kai salon Ingila ta farkon ƙarni na 19 da The Secret of Pembrooke Park a 2014. Amma sunan da aka fi alaƙantawa da shi shi ne Jaime Jo Wright. Littafinta The House on Foster Hill, na 2017, ya ci lambar yabo ta Christy a shekarar da ta biyo baya. Labarin yana tafiya a zamani biyu: wata bazawara ta sayi kufan gida a jihar Wisconsin ba tare da ta gan shi ba, yayin da a 1906 aka tsinci gawar wata budurwa da ba wanda ya san sunanta a harabar gidan. Abin da ya haɗa matan biyu fataucin mata ne. Zaɓen shekarar ya dace da tarihi, domin a 1910 ne majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar Mann, wadda ta haramta ketare iyakar jiha da mata don karuwanci.

A nan ne salon yake taɓa siyasa, ko da marubutansa ba su kira shi haka ba. Jita-jitar fatalwa tana yi wa masu faɗa-a-ji na gari amfani: muddin jama'a na tsoron kusantar gidan, ba mai tono abin da ke cikinsa. Waɗanda aka zalunta kuwa kusan kullum marasa galihu ne, marayu, 'yan aikin gida, matan da aka jefa gidan mahaukata don a rufe bakinsu. Jarumar takan yi aikin ɗan jarida mai bincike: rajistar coci, tsofaffin jaridu, duwatsun kabari.

Raunin salon yana wurin warwarewa. Sau da yawa ana tattara laifin a kan mugu guda, a kama shi ko ya mutu, sannan labarin ya karkata ga tuba da yafiya da aure, tsarin da ya ba shi dama kuwa ya tsira ba tare da an tuhume shi ba. Kwatanci da Beloved na Toni Morrison, 1987, yana fito da wannan giɓi. Morrison ta ɗauko labarin Margaret Garner, baiwar da ta kashe 'yarta a 1856 don kada a mayar da ita bauta, kuma ta bar fatalwar yarinyar ta zauna a gidan ba tare da wani bayani mai kwantar da hankali ba, domin babu mutum ɗaya da za a kama a ce an rufe shari'ar bauta. Littafin ya ci lambar Pulitzer a 1988.