Shekarun da Kaki Ya Hana Soja Sayen Giya a Amurka

A ranar 18 ga Mayu, 1917, makonni shida bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar tilasta wa samari shiga aikin soja. A sashe na 12 na dokar akwai wani sharaɗi da ya shafi kowane mai kanti da mai mashaya a ƙasar: laifi ne a sayar wa soja da giya, ko mai ƙarfi ko mai sauƙi, muddin yana sanye da kaki. Wanda ya karya dokar yana iya biyan tarar da ta kai dala 1,000, ko ya sha ɗaurin da ya kai shekara guda, ko a haɗa masa duka biyun.

Hukuncin ya faɗa ne a kan mai sayarwa, kuma tufafi ne ma'auni. Saurayin da jiya ya sayi kwalba ba wanda ya ce masa uffan, yau ya shigo da kaki sai mai kanti ya juya masa baya. Da ya cire kakin ya dawo, da an sayar masa.

Rigimar ta girmi yaƙin. A ƙarshen ƙarni na 19 barikokin Amurka suna da kantuna inda soja ke shan giya mai sauƙi a ƙarƙashin idon hafsoshi. Ƙungiyoyin yaƙi da barasa, musamman ƙungiyar mata Kiristoci ta WCTU da Anti-Saloon League, suka matsa wa majalisa lamba har ta haramta sayar da giya a cikin bariki a 1901. Hafsoshi da dama sun koka cewa abin da aka cimma shi ne korar sojoji zuwa munanan mashayu da suka tsiro a bakin ƙofar bariki, inda ba mai sa ido. A 1914 kuma sakataren rundunar ruwa, Josephus Daniels, ya hana giya a jiragen yaƙi baki ɗaya.

Da aka fara tara miliyoyin samari a 1917, gwamnati tana bukatar amincewar iyaye. Uwa da ta miƙa ɗanta tana so ta ji cewa ba za a mayar mata da shi mashayi ba. Sakataren yaƙi Newton Baker ya kafa hukumar kula da tarbiyya a sansanonin horo, ya ɗora Raymond Fosdick a kanta, aka kuma hana sayar da giya a kewayen sansanoni har tazarar mil 5 a wurare da yawa.

Sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Masu sayarwa a ɓoye suka samu kasuwa, farar hula suna sayo wa sojoji, wasu sojojin kuma suna sauya tufafi kafin su shiga gari. Da dakarun suka isa Faransa, inda ruwan inabi ke kan teburin kowane gida, Janar John Pershing ya ƙyale su shan giya mai sauƙi. Sojan da doka ta hana kofi guda a garinsu yana sha a bakin daga da izinin kwamandansa.

Masu yaƙi da barasa dai sun ci riba. Sun yi ta cewa idan ƙasa za ta hana wanda zai mutu dominta, me zai sa ta ƙyale wanda ke zaune a gida? Wannan hujja ta taimaka wajen haramta giya ga kowa, haramcin da ya fara aiki a Janairu 1920 aka kuma soke shi a Disamba 1933. A Yaƙin Duniya na Biyu rundunar ta koma tsohon ra'ayin hafsoshi, ta riƙa sayar da giya mai sauƙi a kantunan bariki.

A yau nauyin ya koma wuyan sojan kansa. Ƙa'idar tufafi ta sojan ƙasa na Amurka ta hana shiga wurin da giya ce babbar hajarsa da kayan fagen fama, kuma kwamanda ne ke hukunta wanda ya saɓa. Amma tsoron da aka dasa a zuciyar mai kanti bai gushe gaba ɗaya ba. Ko a Ingila, jaridu sun sha kawo labarin ma'aikacin kanti da ya ƙi sayar wa soja mai kaki giya, daga baya kantin ya ba da haƙuri. Can akwai tsohuwar doka da ta hana sayar wa ɗan sanda giya yana bakin aiki, wadda ba ta shafi soja ba, kuma dokar lasisi ta 2003 ta kawar da ita. Sojan da aka mayar a gaban layin masu sayayya yakan ji an wulaƙanta kakinsa, ma'aikacin kuwa ya ɗauka doka yake bi.