Tasirin Aikin Ɗab'i a Kan Fasahar Manne-Manne ta Kurt Schwitters, 1919 zuwa 1934

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa game da Kurt Schwitters, mai zanen nan ɗan ƙasar Jamus da aka haifa a Hanoba a 1887, shi ne cewa ya bar zanen fenti ya koma manne-manne, wato haɗa hoto ta hanyar liƙa gutsattsarin takardu da tarkace a kan allo, aikin tsara haruffan ɗab'i kuwa neman abinci ne kawai. Wannan maƙala ba ta yarda da hakan ba. Zancen barin fenti bai ma cancanci doguwar jayayya ba, domin mutumin da ya koyi zane a makarantar fasaha ta Dresden daga 1909 zuwa 1914 ya ci gaba da zana mutane da tsaunuka a Norwe bayan hijirarsa ta 1937, har a sansanin tsibirin Man inda Birtaniya ta tsare shi a 1940. Manyan littattafan Werner Schmalenbach (1967) da John Elderfield (1985) su ne madogara har yau, amma matsayin maɗaba'a a rayuwarsa yana buƙatar a sake auna shi.

Hanyar binciken ita ce kwatanta ayyukan manne-manne da ke cikin kundin da Karin Orchard da Isabel Schulz suka tsara da fitowar mujallarsa mai suna Merz, daga 1923 zuwa 1932.

Abin da kwatancen ya nuna shi ne, ayyukan 1919 zuwa 1921 suna cike da tikitin mota da yagaggun jaridu waɗanda aka jera a karkace, aka kuma shafe gefensu da fenti har launuka suka shige cikin juna, alamar cewa hannun mai fenti ne ke jan ragama. Daga 1923 sai layuka suka miƙe, gutsattsarin suka zama masu kusurwa huɗu, filin da ba a liƙa komai ba ya fara samun daraja. An saba jingina wannan sauyi ga abotarsa da masu fasaha Theo van Doesburg da El Lissitzky, kuma ba a musun tasirinsu, tunda tare da Lissitzky ya fitar da Merz ta 8/9 a 1924. Sai dai abota ba ta isa ta bayyana ɗorewar sauyin ba. A shekarar 1924 ɗin Schwitters ya buɗe kamfanin tallarsa, ya yi wa masu tawadar Pelikan aiki, daga 1929 zuwa 1934 kuma shi ke tsara takardun hukumar birnin Hanoba. Harafin dalma na wancan zamani ɗan ƙaramin tubali ne mai kusurwa huɗu, ana jera shi layi-layi a ɗaure cikin firam na ƙarfe, hatta farin da ke tsakanin kalmomi sai an sa masa nasa guntun dalmar, don haka wanda ke aiki da maɗaba'a kullum dole idonsa ya saba ganin fili a matsayin abin da ake aunawa. Littafin yara na Die Scheuche (1925), wanda ya yi da van Doesburg da Käte Steinitz, ya ƙara ƙarfafa wannan hujja, domin da haruffa da sandunan maɗaba'a aka gina surar mutanen cikinsa, kuma nan ne aka fi ganin sana'o'in biyu sun haɗe.

Ba a rasa gibi ba. An dogara da hotunan ayyukan ne, alhali hoto ba ya nuna kaurin takarda, kuma Merzbau, ginin fasahar da ya yi a cikin gidansu na Hanoba, bama-bamai sun rushe shi a 1943. Ayyukan da ya yi a Ingila kafin rasuwarsa a Kendal a 1948 suna wajen iyakar binciken. Duk da haka, a shekarun da aka duba, maɗaba'a ce ta fi kowane aboki sauya yadda Schwitters ke jera takarda a kan allo.