Fijo 504 a Hanyar Kurfi da Dutsin-Ma: Yadda Makanikai Suka Tsawaita Ran Tsohuwar Mota

A Turai da Amurka akwai masu sha'awar da sukan sayi motar shekarun 1960 ko 1970, su bar mata jikinta da kamanninta na asali, sannan su sauya mata inji da birki da wayoyin wuta da na zamani. A can abin marmari ne na masu hali. A tsakiyar Jihar Katsina kuwa, musamman a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta ratsa Kurfi ta isa Dutsin-Ma, an daɗe ana yin irin wannan aiki, sai dai larura ce ta haife shi. Motar da aka fi yi wa shi ita ce Peugeot 504, wadda Bahaushe ya sani da Fijo. Tarihinta ya haɗa na masana'antar Najeriya, da na darajar naira, da na wata sana'a da ke neman shuɗewa.

Ƙasar da dogo bai ratsa ba

Layin dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Birnin Katsina da garuruwan da ke kudu da shi, irin su Kurfi da Dutsin-Ma da Safana, ba su sami rabonsu ba. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatun wannan yanki sai da jaki da raƙumi, daga baya kuma babbar mota, suka riƙa kai su bakin tashar jirgi.

Daga waɗannan manyan motoci ne al'adar sake fasalin mota ta samo tushe. Bedford da Austin, da Marsandi 911 a bayansu, sukan iso ne da kai da inji da ƙashin baya kawai. Kafintocin gida ne ke gina musu bodin katako daidai da kayan da za su ɗauka, masu fenti kuma su ƙawata su da zanen zaki ko dawisu ko furanni, da kalmomin addu'a da na habaici. Ke nan tun kafin ƙaramar mota ta wadata, direba da mai mota sun saba da cewa abin da kamfani ya ƙera rabin aiki ne, sauran rabin a gareji ake ƙarasa shi.

Daga Faransa zuwa Kakuri

An fito da 504 a Faransa a 1968, da zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, kuma a 1969 ta zama gwarzuwar motar Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda yayarta 404 ta riga ta lashe sau huɗu a shekarun 1960. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna. Cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a lokacin ya kai ga sai ta jirgin sama aka riƙa kwaso sassan motar daga birnin Liyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna.

Abubuwa uku suka haɗu suka cika hanyoyin Arewa da Fijo. Na farko kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, waɗanda suka sa ma'aikaci ya iya cin bashin mota. Na biyu manufar tsuke bakin aljihu ta gwamnatin Janar Obasanjo, wadda ta mai da Fijo motar jami'an gwamnati. Na uku gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma mai faɗin gaske. Sakatariya da makarantu da aikin madatsar ruwa ta Zobe, da aka kammala a 1983, duk sun jawo ma'aikata da 'yan kwangila, akasarinsu kuwa a Fijo suke tafe.

Motar ta dace da ƙasar ne saboda ƙirarta. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, sifirin ɗinta na da tsawon lilo, don haka ramuka da burji ba su cika karya ta ba. Farfelar da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta daga duwatsu da yashi. Injinta mai silinda huɗu da kafireto ba ya da wani sirri da ya fi ƙarfin sifana da kunnen gwani. Ta zo kuma a siffa uku da suka raba aikin gari: salun ta ma'aikaci da alhaji, doguwar wagon mai layin kujeru uku ta tasha, da akori-kura ta ranar kasuwa.

Shekarar da sabuwar mota ta gagara

A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirin SAP. Naira, wadda ke kusan kunnen doki da dala, ta koma wajen naira 4 a dala ɗaya, kuma ba ta sake farfaɗowa ba. Da yake PAN na sayo galibin sassanta ne daga waje, farashin sabuwar Fijo ya tashi ya bar albashi a baya. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, ma'aikatan da suka dawo gida daga Kaduna sun dawo ne da motocin da yawancinsu ba za su iya maye gurbinsu ba.

A nan garambawul ya zama babbar sana'a. Bakanike ya sauke inji ya sake masa zobba da fistin. Mai gyaran bodi ya yanke inda tsatsa ta ci ya yi walda. Mai rewaya ya sake wayoyi. Mai ɗinkin kujera ya sa sabuwar leda. Mai fenti ya rufe aikin. Kayan gyara kuwa daga Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano suke zuwa. Da tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta Kwatano, suna biyowa ta Maraɗi da Jibiya, sai aka sami injuna da giyoyi na hannu masu sauran ƙarfi. Tun da 505, wadda ta fito a 1979, ta gaji yawancin ƙashin 504, sai ya zama ana ɗaukar injinta da giyarta mai hawa biyar a ɗora wa tsohuwar. Motocin haya kuma akan ƙara musu ƙarfin sifirin na baya da ragar kaya a sama, domin lodin da ake yi musu ya wuce lissafin injiniyan Faransa.

Irin wannan ya faru a Kuba, inda takunkumin Amurka ya tilasta wa mutane riƙe motocin shekarun 1950 da injunan dizal na wasu ƙasashe. Bambancin shi ne a Habana waɗannan motoci sun zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su hau. A nan kuwa, da Golf da Sharan da bas-bas na Toyota suka karɓe tasha, sai aka jingine Fijo a bayan gida. Turai ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ba ta daina ba sai a tsakiyar shekarun 2000. An sayar da PAN ga 'yan kasuwa a 2006, kuma a 2012 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi.

Abin da ya rage, da yadda za a riƙe shi

Babban abokin gabar Fijon da ta rage a yau shi ne sikelin 'yan gwangwan. Motar da ta kai amare ɗaki, ta raka alhazai filin jirgi, ta ɗauki marasa lafiya daga ƙauye zuwa asibitin Katsina, ana auna ta ne da kilo. Tare da ita ake rasa ilimin da ba a rubuta ba, domin yaran gareji na yanzu sun fi sanin na'urar da ake jona wa kwamfutar mota fiye da saita kafireto da kunne.

Magajin da ya ga dama ya tashi motar mahaifinsa yana da darasi a cikin wannan tarihi. Jikin salun da wagon shi ne ƙashinsu, don haka tsatsar ƙasa da ta mazaunin sifirin ita ake fara dubawa kafin a yi maganar fenti. Sabunta abin da ido ba ya gani, kamar tartsatsin wuta na lantarki a madadin tsohon foyin, da sababbin wayoyi, da lagireto mai kyau, da bel ɗin kujera, ba ya rage wa motar kamanni. Ɗora injin wani kamfani kuwa ya fi wuya fiye da yadda ake zato, saboda bututun farfela a jikin giya yake ɗaure, kuma taɓa ɗaya na nufin sake ƙera ɗayan. Duk wanda ya ƙara wa mota gudu bai ƙara mata birki ba ya sayi hatsari da kuɗinsa. Sauyin inji ko launi kuma sai an gyara shi a takardun mota. Tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG ya zama abin dubawa, amma da tukunyar da aka ƙera don wannan matsi, a hannun waɗanda aka tantance, domin tukunyar walda ta gefen hanya bam ce.

Dutsin-Ma na da jami'ar tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Tsofaffin direbobi da makanikan da suka yi zamanin Fijo suna nan da ransu a Kurfi da Dutsin-Ma, kuma abin da suka sani game da hanya da kasuwa da inji ya isa ɗalibin tarihi ko na kimiyya ya zauna ya ɗauka. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka adana. Kowace Fijo da ta hau sikeli, da kowane gwani da ya kwanta dama ba a tambaye shi ba, ba su da safaya a Fanteka.