Bakandamiyar Narambaɗa: Yadda Waƙar Fada Ta Ƙetare Ƙofar Fada

Waƙar fada bisa asalinta ba ta kowa ba ce. Sarki guda a ke yi wa ita, a gabansa a ke rera ta, galibi kuma da shi ta ke shuɗewa. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa suka saɓa wa wannan al'ada?

Sai mun fara duban ƙasar tukuna. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa a 1808, Gobirawa suka watse, daga baya suka kafa Tsibiri, wadda ke cikin Jamhuriyar Nijar yanzu, kāna wani reshensu ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta kasance a hannun zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ta haka aka sami Sarkin Gobir a Sabon Birni, aka kuma sami Sarkin Gobir a Isa, kowanne da tarihin da ya ke tinƙaho da shi. Irin wannan ƙasa, inda sarauta ke bukatar mai bayyana asalinta, ita ce gonar makaɗin fada.

Narambaɗa mutumin Tubali ne, cikin ƙasar Isa ta wancan zamani. Da kiɗan noma ya fara, sa'an nan ya koma kiɗan kotso, ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975. Shi makaɗin ya riga ubangidansa rasuwa, a farkon shekarun 1960.

Abu biyu suka fitar da waƙarsa daga fada. Na farko na'ura ce. An ɗauki muryarsa tun yana da rai, gidajen rediyo, musamman na Kaduna, suka yi ta sa ta, daga baya kaset ya kai ta kasuwanni. Manomin da bai taɓa taka zauren Sarkin Isa ba ya ji abin da dā sai fadawa ke ji.

Amma na'ura ta ɗauki makaɗa da yawa waɗanda aka manta. Saboda haka dalili na biyu ya fi ƙarfi, watau abin da ke cikin waƙar kanta. A Bakandamiya, ko da ya ke yabon Sarki ne ginshiƙinta, Narambaɗa ya ba da babban rabo ga bayanin sana'arsa, ya ɗauki waƙa tamkar ilmi mai ƙa'ida, ba roƙo kawai ba. Wanda ba ruwansa da sarautar Isa ya sami abin tsinta a ciki: karin magana, da habaici, da tunani a kan duniya. Har ta kai yau kalmar bakandamiya na nufin fitacciyar waƙar kowane mawaƙi, kamar yadda Mamman Shata ya ke da tasa. Masana ma sun karɓe ta: Aliyu Muhammadu Bunza ya fitar da littafi sukutum a kan makaɗin a 2009.

To, a nan ne haɗari ya ke, malamai. Hausar Narambaɗa ta yamma ce. Mutanen wannan yanki kan ce yaz zo maimakon ya zo, su sa h inda Bakano ke sa f, su ce wagga maimakon wannan. Ɗalibi ya kan rubuta waƙar, sai ya mayar da ita daidaitacciyar Hausa, yana tsammanin gyara ya yi. Alhali kuwa baƙin da aka ninka shi ke sa gaɓa ta yi nauyi, nauyin gaɓa kuma shi ke tafiya da bugun kotso. In an sauke shi, ma'ana ta saura, amma kari ya karye.

Shawarata ita ce, a fara sa wa ɗalibai muryar su saurara kafin a ba su takarda, a kuma rubuta abin da kunne ya ji, ba abin da littafin nahawu ya so ba. Waƙar da ta fita daga fada lafiya, kada ta zo ta lalace a aji.