Kaftani ko kwat? Kayan da ya dace ka saka ranar intabiyu a Kudu

Duk lokacin da yaranmu suka gama bautar ƙasa suka fara zagayen neman aiki a nan Legas, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa mini: "Yaya, kaftani zan saka ko kwat?" Mata kuma su ce, "Hijabina fa, ba zai sa a mayar da ni baya ba?" Shi ya sa na ga gara in tattara amsar wuri guda, domin ɗan uwa da ke Legas, Badun, Fatakwal, Anaca ko Inugu ya samu abin dubawa. Amsar a taƙaice ita ce: wurin da za ka je shi ke zaɓa maka kaya, saboda haka ka san wurin kafin ka buɗe akwati.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin na gane haka. Intabiyuna na farko a wani kamfanin dakon kaya ne a Apapa. Na ari kwat wajen wani abokina da ya fi ni jiki, hannun rigar har ya rufe mini yatsu. Na hau danfo daga Agege, kafin in isa gumi ya jiƙa ni sharkaf. Ana yi mini tambaya ina ta faman jan hannun riga, hankalina rabi na kan amsa rabi na kan kwat. Sauran waɗanda muka jira tare kuwa shat da wando kawai suka saka, tsaf da su. Ban samu aikin ba. Ranar na yarda kayan aro ba ya rufe katara.

Fara da bincike

Ka sake karanta saƙon gayyatar, wani lokaci suna rubuta irin shigar da suke so. In ba su rubuta ba, ka duba hotunan ma'aikatansu a shafinsu na intanet ko Facebook. In wurin na kusa, ka bi ta ƙofarsu da safe ranar Litinin ko Talata ka ga yadda ake shiga. Kada ka auna da ranar Juma'a, domin ofisoshi da yawa a Kudu ranar ce suke barin ma'aikata su saka kayan gargajiya. Abin da ka gani, ka yi shiga irinsa, ka ɗan ɗara su tsafta da tsari.

Kowane aiki da shigarsa

Banki, inshora, ofishin lauyoyi da kamfanonin akanta, irin na Marina, Victoria Island da Ikoyi: kwat baƙa, ko ruwan toka, ko shuɗiya mai duhu, da farar shat, da nektai marar hayaniya, da baƙin takalmi sau-ciki da safa.

Ma'aikatun gwamnati, jami'o'i da makarantu: a nan manyan kaya na da karɓuwa, musamman ofisoshin gwamnatin tarayya. Kaftani da hula sun wadatar, shat da wando ma haka.

Kamfanonin sadarwa da na kwamfuta, irin waɗanda suka yi yawa a Yaba da Lekki: shat mai dogon hannu da wandon yadi. Ko ka ga ma'aikatansu da jins, kai baƙo ne, bari sai ka shiga.

Masana'antu, tashar jiragen ruwa, wuraren gini da kamfanonin mai na Fatakwal da Warri: shat da wando da rufaffen takalmi mai ƙwari. Ana iya zagayawa da kai cikin injina, kuma riga mai yalwa haɗari ce a wurin.

Tuƙi, gadi, aikin shago ko sito: tsafta ita ce kan gaba. Shat a goge, wando daidai jiki, takalmi sau-ciki. Direba ya sani za a iya cewa ya ja mota nan take, kada ya je da silifas.

In manyan kaya za ka saka

Ka zaɓi kaftani marar aiki da yawa, mai launi ɗaya kamar ruwan toka, ruwan ƙasa ko shuɗi. Babbar riga ka bar ta sai ɗaurin aure ko Sallah, sai dai in babban muƙami ake nema. Hula a wanke ta a buga, ta zauna daidai. Ka haɗa da takalmi sau-ciki. Jallabiya ta masallaci ce da gida.

Akwai gaskiyar da dole a faɗa. Wasu a nan da zarar sun ga kaftani da hula sai su ce "aboki", su ɗauka mai gadi ne ko ɗan aike. Wannan ba dalili ba ne na jin kunyar kayanka. Amma shi ya sa gugarka, takalminka da fayil ɗin takardun da ke hannunka suke da muhimmanci tun daga bakin get. Mai gemu ya gyara shi ya taje, mai ɗage wando ya sa tela ya yanke masa daidai idon sawu, ya fi a nannaɗe.

'Yan uwa mata

Hijabi ba ya hana shiga ta ofis. Ƙaramin hijabi ko mayafi mai launi ɗaya, a ɗaure da kyau yadda ba za ki riƙa gyara shi ba, da doguwar riga marar ado ko dogon siket da kwat a sama, ya shiga kusan ko'ina. Atamfa mai sanyin launi ta dace da makaranta da ma'aikatar gwamnati. Leshi mai duwatsu, sarƙa mai nauyi da awarwaro masu ƙara na biki ne. Humra da turaren wuta a rage sosai, ɗakin intabiyu a rufe yake da na'urar sanyaya ɗaki, ƙamshi mai ƙarfi na iya damun wani.

Ki kuma san matsayinki. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini. A watan Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda hijabi, amma a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. A Yunin 2022 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin saka hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Wannan hukunci kan makarantu ne, kamfanoni masu zaman kansu na da nasu dokokin sutura. Shawarata ki je da hijabinki tun ranar farko. In aikin na da yunifom, ki tambaya cikin ladabi kafin ki sa hannu a takarda. Gara a san juna tun a ƙofa da a yi rigima bayan wata uku.

Hanya da yanayi

Damina a Legas takan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta sake dawowa Satumba da Oktoba. Farar shadda da ruwan kwata ba sa shiri. Ka riƙe lema, ka sa kwat ko hularka a leda, takalmin ma haka, ka yi tafiyar da wani daban, in ka kusa isa ka canza. Ka sa singileti a ciki saboda gumi, ka riƙe hankici. Ka yi guga tun jiya ko shekaranjiya, kada ka dogara da wutar safiya. Ka fito da wuri yadda za ka isa da rabin awa a hannu, ka huce, ka duba madubi.

In kuɗi sun yi ƙaranci

Ba sai sabo ba. Kasuwar Katangowa da ke Abule Egba da kasuwar Yaba na da gwanjo masu kyau, Balogun na da yadi, Ariaria ta Aba kuma ta yi suna wajen takalma. Ka gwada a jikinka, ka kai wa tela ya rage inda ya yi yawa, ka wanke ka goge. Shat ɗaya da ta zauna maka ta fi kwat mai tsada da ta yi maka yawa.

Kafin ka fita

Ka yi aski, ka yanke farce, ka yi asuwaki, ka haƙura da goro ranar. Ka goge takalmi. Ka kashe ƙarar waya. Takardu na asali da kwafinsu su shiga fayil. In ta Zoom ne intabiyun, ka yi cikakkiyar shiga kamar za ka fita, ka zauna inda haske ke fuskarka.

Daren jajibiri ka saka kayan gaba ɗaya, ka zauna, ka tashi, ka ɗaga hannu. In akwai abin da ke matse ka ko yake zamewa, ka canza shi tun da dare. Allah Ya ba kowa sa'a, Ya sa a dace da aiki mai albarka.