Luis Taruc: Telan da Aka Hana Kujerar Majalisa Ya Koma Daji

Littattafan tarihin yaƙin cacar baka sun saba jera sunan Luis Taruc cikin madugan 'yan kwaminis na Asiya, saboda shi ne shugaban mayaƙan sari-ka-noƙe na Huk waɗanda suka hana gwamnatin Filifin sakat daga 1946 zuwa 1954. Ba ƙarya aka yi masa ba, domin ɗan jam'iyyar kwaminis ne, har ya zauna cikin manyanta. Sai dai wanda ya bi rayuwarsa daki-daki zai tarar da wani abu dabam. Bai ɗaga wa gwamnatin ƙasarsa bindiga ba sai bayan da aka rufe masa ƙofar doka, kuma duk lokacin da aka ɗan sassauta ƙofar, da ƙafarsa yake fitowa daga daji. Abin da ya tsayar da shi da mutanensa a fagen daga shi ne rabon shinkafa a masussuka, da ƙuri'ar da talakawa suka kaɗa aka ƙi mutuntawa. Aƙidar kwaminisanci ta iske fushin nan yana ci, ta raɗa masa suna, kuma a ƙarshe ita ce ta raba Taruc da abokan tafiyarsa.

An haife shi ranar 21 ga Yunin 1913 a ƙauyen Santa Monica da ke gundumar San Luis a lardin Pampanga, tsakiyar tsibirin Luzon, yankin da ake kira rumbun shinkafar ƙasar. Iyayensa talakawan manoma ne a inda ƙasar noma take hannun 'yan tsiraru. Ƙidayar 1939 ta nuna kusan kashi 70 cikin 100 na gonakin Pampanga 'yan haya ne ke nomansu. Tsarin da ake bi sunansa kasama: mai gona ya ba da fili, manomi ya kawo ƙarfinsa da ɓaunar huɗa, in an yi girbi a cire kuɗin ɗawainiya, a raba sauran biyu. Tun kafin a kai ga rabon, bashi ya riga ya cinye rabin manomi. Idan abinci ya ƙare masa a tsakiyar damina, sai ya je rumbun mai gona ya ranci shanshera bisa sharaɗin da suke kira takipan, buhu ɗaya a biya biyu, ko talinduwa, buhu biyu a biya uku. Ranar awo wakilin mai gona na tsaye da littafinsa, ya ɗebi kason ubangidansa, ya ɗebi bashin bana da ragowar na bara, manomi ya tattara abin da ya saura, wanda da wuya ya kai shi wata damina. A da can masu gonaki suna zaune cikin mutanensu, suna ba da rance babu ruwa, suna halartar biki da jana'iza. Da Amurka ta karɓi mulkin ƙasar daga Sifaniya a 1898, kasuwar sukari da shinkafa ta buɗe, sai iyayen gida suka tare a Manila suka bar wakilai, zumunci ya tafi, lissafi kaɗai ya rage.

Taruc ya yi shekara biyu a Jami'ar Manila, rashin kuɗi ya sa ya bari a 1934, ya koma ya kama sana'ar ɗinki. A wannan lokaci ne ya haɗu da Pedro Abad Santos, lauya ɗan masu hali daga San Fernando, wanda ya kafa jam'iyyar gurguzu, yake kuma tsaya wa manoma a kotu. Ƙungiyar manoma da leburorin da ke tare da shi, AMT, yajin aiki da zanga-zanga da shigar da ƙara ta sani, kuma buƙatunta ba su wuce a ƙara kason manomi, a rage ruwan bashi, a daina korar mutum daga gonar da ya gada yana nomawa ba. Taruc ya yi suna a cikinta saboda iya magana da harshen Kapampangan, harshen mutanen ƙauye. A Nuwamban 1938 jam'iyyar gurguzun ta haɗe da ta kwaminis, kuma ta wannan haɗaka ce ya wayi gari a cikin 'yan kwaminis.

Mamayar Jafan ce ta fara sa masa bindiga a hannu. Ranar 29 ga Maris 1942, a wani daji kusa da Cabiao a lardin Nueva Ecija, aka kafa rundunar Hukbalahap, wato rundunar jama'a mai yaƙi da Jafan, aka naɗa shi babban kwamanda. Dutsen Arayat da fadamar Candaba suka zama mafakarsu, makamansu kuwa tsintuwa ce daga filayen dagar Bataan da abin da suka ƙwace wa abokan gaba. Abin da ya fi faɗan muhimmanci shi ne abin da ya faru a ƙauyuka. Masu gonaki sun gudu birni, manoma suka kafa kwamitocin kansu, suna yanke shari'a, suna ɗaura aure, suna ɓoye girbi kada ya faɗa hannun Jafanawa. Da yawa daga cikinsu a cikin shekarun yaƙin ne suka fara cin abin da suka noma ba tare da an raba da su ba. Da sojojin Amurka suka dawo a 1945, sakayyar da Huk ta samu ita ce ƙwace makamai. A Malolos an kashe mayaƙanta fiye da 100 bayan an karɓe bindigoginsu, shi kuma Taruc aka tsare shi, har aka kai shi kurkukun Iwahig a tsibirin Palawan, sai a watan Satumba aka sake shi.

Mutumin da aka yi wa haka, da juyin juya hali ne gabansa, da daji zai nufa kai tsaye. Shi takara ya tsaya. A zaɓen Afrilun 1946 ƙawancen Democratic Alliance ya ci kujeru 6 a majalisar wakilai, Taruc ya ci ta mazaɓarsa a Pampanga. Majalisar ta ƙi rantsar da su, wai an yi maguɗi da tsoratarwa a yankunansu. Ruwa ba ya tsami banza. Amurka ta ɗaura wani ɓangare na kuɗin gyaran ɓarnar yaƙi a kan sharaɗin a gyara tsarin mulkin Filifin don Amurkawa su samu dama daidai da ta 'yan ƙasa wajen cin albarkatun ƙasar. Gyaran na buƙatar kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisa, waɗannan shida kuwa an san ba za su yarda ba. Da aka cire su daga lissafi, gyaran ya wuce da ƙyar, kamar yadda Shugaba Manuel Roxas yake so. A ƙauyuka kuma masu gonaki sun dawo da 'yan bangarsu suna neman hayar shekarun yaƙi. Ranar 24 ga Agustan 1946 wasu masu kakin soja suka sace Juan Feleo, jagoran ƙungiyar manoma ta PKM, a Gapan, yana kan hanyar zuwa Manila wajen tattaunawar sulhu, daga baya aka tsinci gawarsa a kogin Pampanga. Kwanaki kaɗan bayan haka Taruc ya koma Arayat.

Masu ganin akasin wannan suna cewa duk wannan dabara ce irin ta 'yan kwaminis, a shiga zaɓe da rana a tara makami da dare. Hujjarsu ba ta rasa tushe ba, domin mayaƙan Huk ba su miƙa duk bindigoginsu ba a 1945. Amma tarihin jam'iyyar kanta bai goyi bayansu ba. Daga 1946 zuwa 1948 shugabanninta da ke Manila ba su amince da ɗaukar makami ba, hankalinsu na kan ƙungiyoyin ƙwadago da siyasar majalisa, manoman Luzon kuwa suna ta faɗa don kare kansu. Benedict Kerkvliet, wanda ya zauna da tsofaffin mayaƙan ya fitar da littafinsa a kan tawayen a 1977, ya nuna cewa jam'iyyar daga baya ta bi sahu. Babu kuma jirgin makamai da ya zo musu daga Mosko ko Beijin. A Yunin 1948, da sabon shugaba Elpidio Quirino ya yi tayin afuwa, Taruc ya fito ya shiga Manila ya hau kujerar da aka hana shi. Sulhun ya rushe cikin wata biyu a kan batun makamai: gwamnati na son a miƙa, mayaƙa na cewa ba za su miƙa ba muddin 'yan bangar masu gonaki na riƙe da nasu. Sai bayan wannan, da kuma zaɓen 1949 wanda maguɗinsa ya sa 'yan ƙasar ke ba'a cewa har tsuntsaye da ƙudan zuma sun jefa ƙuri'a, shugabannin jam'iyyar ƙarƙashin Jose Lava suka ayyana a 1950 cewa lokacin ƙwace mulki ya yi. Su Lava 'yan boko ne daga gidan masu hali a Bulacan, kuma lissafin da suka yi ya sha bamban da abin da mai ɗauke da bindigar ke nema.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta jini. Ranar 28 ga Afrilun 1949 mayaƙan Huk suka yi wa ayarin Aurora Quezon, matar marigayi shugaban ƙasa, kwanton ɓauna a Bongabon, suka kashe ta da 'yarta da wasu mutane, alhali hanyar buɗe asibiti take. Akwai karɓar haraji da ƙarfi, akwai kisan waɗanda aka zarga da leƙen asiri. Ko da Taruc bai ba da umarnin kowane ɗaya ba, shugaba ba ya raba kansa da abin da rundunarsa ta aikata, kuma zaluncin masu gonaki ba ya wanke wannan. Abin da ake magana a kai a nan shi ne musabbabin tawayen, kuma yadda aka murƙushe shi ya ƙara fito da musabbabin fili. A ganiyarta Huk na da mayaƙa tsakanin 10,000 da 15,000. Ramon Magsaysay, wanda ya zama ministan tsaro a Satumban 1950 da taimakon jami'in Amurka Edward Lansdale, ya kama manyan jam'iyyar a Manila a watan Oktoba, amma ba wannan kamu ne ya kwashe ƙauyuka daga bayan Huk ba. Ya hukunta sojojin da ke cin zalin ƙauyawa, ya sa lauyoyin soja suna tsaya wa manoma a kotu, ya sa aka tsare akwatunan zaɓen 1951, ya kuma yi wa mayaƙan da suka ajiye makami alkawarin gona a Mindanao. Iyalan tsofaffin mayaƙan da suka samu gonar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, duk da haka labarin kaɗai ya isa ya sa dubbai suka koma gida. Rundunar da alkawarin gona da zaɓe mai tsafta suka watsa, ba sai an tambayi abin da ya tara ta ba.

Taruc ya ga haka, ya nemi a koma teburin sulhu, shugabannin jam'iyyar suka kira shi mai karkata daga layi, suka sauke shi daga muƙamansa. A Mayun 1954 ya miƙa wuya ta hannun wani ɗan jarida mai shekara 21, Benigno Aquino ƙarami. Kotu ta ɗaure shi shekara 12 kan tawaye, daga baya aka ƙara masa ɗaurin rai da rai kan kashe-kashe, ciki har da na gwamnan Tarlac na zamanin mamayar Jafan. Littafinsa na farko, Born of the People, ya fito a 1953 da taimakon Ba'amurke ɗan kwaminis William Pomeroy. Na biyu, He Who Rides the Tiger, ya rubuta shi a kurkuku ya fito a 1967, bayan ya koma cocin Katolika, kuma a ciki ne ya caccaki jam'iyyar. Shugaba Ferdinand Marcos ya yi masa afuwa a 1968. Daga nan ya goyi bayan dokar rabon gonaki ta Marcos ta 1972, ya kuma zauna a majalisar da aka kafa a 1978 a matsayin wakilin manoma. Tsofaffin abokansa sun ce ya sayar da kansa, kuma lallai ya ara wa mulkin kama-karya sunansa a kan dokar da ta tsaya ga gonakin shinkafa da masara, ta ƙyale na rake da kwakwa. Kuskure ne babba, amma kuskuren mutumin da ke bin duk wanda ya ce zai ba manomi gona, ko jam'iyya ce ko shugaban ƙasa.

Gwamnatin Filifin ta ci yaƙin 1954 da alkawari, sannan ta yi sanyin jiki wajen cikawa. Ranar 29 ga Maris 1969, shekara 27 cif da kafa Hukbalahap, Bernabe Buscayno, ɗan manoman haya kuma tsohon mayaƙin Huk, ya haɗa kai da Jose Maria Sison suka kafa sabuwar rundunar tawayen 'yan kwaminis ta NPA a lardin Tarlac, maƙwabcin Pampanga. A lardin nan dai, a Nuwamban 2004, aka harbe mutum 7 cikin leburori masu yajin aiki a ƙofar gandun rake na Hacienda Luisita, wanda a lokacin mallakar dangin Corazon Aquino ne, matar ɗan jaridar da ya fito da Taruc daga daji, wadda a mulkinta aka zartar da dokar rabon gonaki ta 1988. Taruc ya rasu ranar 4 ga Mayun 2005 yana da shekara 91, kusan wata shida bayan wannan harbi. Kiran sa ɗan kwaminis kawai ya yi wa masu mulki daɗi, domin aƙida ana iya haramta ta da doka ɗaya, a ce magana ta ƙare. Rabon gona kuwa yana nufin 'yan majalisa su ɗebi daga abin da iyalansu suka mallaka, kuma wannan ne majalisun Manila suka yi ta ɗagawa tun daga 1946.