Kunyoyin Slievemore

A gindin dutsen Slievemore, mai tsayin mita 671, a tsibirin Achill na gundumar Mayo da ke yammacin ƙasar Ayilan, kangon gidajen dutse kimanin 80 ne jere a bakin tsohuwar hanya. Baƙi gidajen suke ɗauka a hoto. Ni kuwa da na tashi a gidan noma, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kunyoyin da ke kewaye da su, waɗanda har yau shacinsu yake fitowa a ƙarƙashin ciyawa.

Ƙasar wurin ba ta noma ba ce. Jiƙaƙƙiya ce, mai tsami, ga iskar Tekun Atilantika ba dare ba rana. Sai mutanen suka ƙera wa kansu gona da hannu. Su sauka bakin teku su kwaso ciyawar ruwa da yashi a kwando, su goyo su hau gangare, su shimfiɗa tare da takin shanu, sannan su yanko ƙasa da shebur daga gefe biyu su kifa a kai. Kunyar takan fito da faɗi, kwarin da ke tsakani kuma ya janye ruwa. A nan dankalin Turawa ya karɓu, har ɗan fili kaɗan yakan ciyar da gida shekara guda. Duk wanda ya taɓa yin huɗa ya san ƙugu nawa suka sage a wannan gangare.

Saniya a cikin ɗaki take kwana, a ɓangare ɗaya, iyali a ɗayan, wuta a tsakiyar rayuwarsu. Ƙasar kuwa ba tasu ba ce, haya suke biya.

A 1845 cuta ta faɗa wa dankali, ta kuma sake dawowa a shekarun da suka biyo. Yunwar da cutar ta haifar ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya a Ayilan, wasu kamar haka suka tsallaka teku. Ba na yarda da masu ɗora laifin a kan manoman don sun dogara ga amfani guda. Wanda aka matse a ɗan fili, ga kuɗin haya a wuya, me zai shuka in ba abin da ya fi cika ciki ba?

Sannu a hankali iyalan suka sauko Dooagh, kusa da teku inda ake samun kifi. Amma ba su saki Slievemore ba. Idan lokacin ɗumi ya zo, matasa kan kora shanu su koma tsofaffin gidajen, kamar yadda Fulaninmu ke komawa mashekari, kuma an ci gaba da hakan har shekarun 1940.

Wasu 'ya'yan tsibirin kuma ci-rani suka riƙa tafiya Sikotilan, haƙar dankalin wasu. A 1937 gobara ta tashi a masaukinsu a Kirkintilloch, ta kashe samari goma, dukkansu 'yan Achill.